Tirenin kashe gobara da aka yi mana a Agege: malamin ya iya, kamfanin kuma sai a hankali

Masu tambayata kan tirenin kashe gobaran nan da ƙungiyarmu ta 'yan layin kayan masarufi a Agege ta ɗauko wani kamfani ya yi mana, ko ya ci kuɗin da muka yi karo-karo muka biya, toh amsata ita ce e ya ci, amma fa albarkacin mutum ɗaya ne, dattijon da ya koyar da mu. Kamfanin ba zan kama sunansa ba, irinsu sun cika Legas kuma kusan duk kanwar ja ce.

Dattijon tsohon ɗan kwana-kwana ne da ya yi ritaya, Bayerabe ne amma tashin Sabon Garin Kano, Hausa a bakinsa raɗau, wannan kaɗai ya taimaka don da da Turanci aka yi rabin mutanenmu gyangyaɗi za su yi. Bai tsaya doguwar lakca ba. Rabin ganga ya sa aka ajiye a fili aka zuba dizal da ɗan fetur ya cinna mata wuta, ya ce kowa sai ya riƙe tukunyar kashe gobara da hannunsa. Wani Alhajinmu mai sayar da suga ya fara, ya zare fil ɗin da kyar hannu na rawa, ya dinga fesa garin da ke cikinta sama-sama wajen harshen wutar, kafin ka ce kwabo tukunya ta ƙare wuta kuma tana nan tana ci abinta. Baba ya dafa shi ya ce, "Alhaji, gindinta ake nema, harshen nan da kake gani ado ne." Nan ya nuna mana tukunya mai kilo 6 ko daƙiƙa 20 ba ta kaiwa tana feshi, don haka ka saita gindin wutar, ka matsa, ka dinga sharowa dama da hagu, kuma ƙofa ta kasance a bayanka kullum saboda in ta gagara ka samu hanyar fita.

Abin da ya fi girgiza mutane shi ne na man gyaɗa. Ya ɗora mai a kasko har ya kama da wuta, ya ɗaura ƙaramin kofi a bakin doguwar gora ya tsiyaya ruwa daga nesa, wallahi wutar ta yi tsalle ta wuce tsayin mutum, masu ƙosai da masu tuwon da muka gayyato har salati suka saki. Ya sake kunnawa, wannan karon murfi kawai ya zura a hankali ya rufe kaskon, shikenan ta mutu. Ya ce a kashe gas ɗin a bar murfin a kai har sai ya huce, mai ɗagawa ya leƙa shi ke dawo da ita.

Ya kuma bambance mana tukwanen, ashe ja ɗin duk ɗaya ne amma tambarin jikinsu ba ɗaya ba. Mai shuɗi ta gari ce, tana cin yawancin wuta, sai dai mu masu shinkafa da fulawa mu sani duk buhun da garin ya taɓa ya tashi daga abinci. Mai baƙi ta iskar CO2 ce, ita ta dace da mita da soket da inbata, ba ta ɓata kaya, amma kar ka riƙe bakin ƙahonta don sanyinsa na ƙona hannu, kuma ba ta da geji, a sikeli ake gane ko ta yi ƙasa. Ta gari kuwa allurar gejinta ta tsaya a kore. Ruwa a kan wayar wuta ko fetur, haram a wajensa. Ya tuna mana gobarar kasuwar Dosunmu ta Afrilun 2024 da hukumomi suka danganta da zuba wa janareto mai, abin da kowannenmu ke yi yana kunne don kar firiza ta tsaya, da ta ginin Afriland a Broad Street a Satumbar 2025 wadda ta taso daga ɗakin inbata a ƙasan bene mutum 10 suka rasu, Allah ya kiyaye. Ya ce kafin ka nemi bokiti ka fara kiran 767 ko 112, kyauta ne, ka faɗi sunan titi da alamar da direba zai gane, sannan a janye baro da teburan da muke toshe layi da su, don mu ne masu zagin kwana-kwana sun makara alhali motarsu ko ƙofar kasuwa ba ta iya shiga.

Bayan azahar ne labari ya canza. Baba ya koma gefe, wasu samari biyu masu rigar kamfani suka karɓi fili, daga nan koyarwa ta ƙare talla ta fara. Kowace tukunya suka duba a shagunanmu sai su ce ta mutu sai an sake ɗura ta, har wadda aka sayo kwanan nan allura na kan kore. Suna ta cewa gwamnati ta amince da su, sakatarenmu ya ce Malam a nuna mana takardar mana, suka ce tana ofis. Satifiket kuwa an riga an buga an taho da shi, har wanda yake kasuwar Mile 12 wajen sauke albasa ranar bai leƙo ba an kawo masa nasa da sunansa da hatimi mai ƙyalli.

Nan ne ni abin ya dame ni. Bambancin Baba da yaran nan makaranta ce, shi an horar da shi an jarraba shi ya shiga hayaƙi shekara da shekaru, su kuwa riga kawai suka saka. Hukumar kashe gobara ta tarayya tana aiki ne da dokar 1963, tana da makarantarta ta horo a Sheda can Abuja, jihohi kuma kowace da tata hukumar, ta Legas hedikwatarta na Alausa, kuma a 2024 gwamna Sanwo-Olu ya sa hannu a sabuwar dokar hukumar, ga kuma hukumar kula da kariya ta jiha da aka kafa da dokar 2011. Hukumomi kam akwai su. Abin da nake so 'yan majalisar jiha su matsa a kai shi ne duk mai koyar da kashe gobara don kuɗi ya zama ya fito daga makarantar gwamnati ko ita ta jarraba shi, lambarsa ta fito a jikin satifiket, sunayen kamfanonin da aka yarda da su kuma su kasance inda ɗan kasuwa zai duba a wayarsa. In za a naɗa masu sa ido a kan makarantar ma a saka wakilin 'yan kasuwa, mu ne dai muke ƙonewa.

In ƙungiyarku za ta ɗauki irin wannan kamfani, ku tambayi wa zai koyar kuma ina ya yi aiki, ku dage a kunna wuta ta gaske kowa ya riƙe tukunya, kuɗin tirenin daban na ɗuri daban, kuma ku riƙe rabin kuɗi sai an gama. Ɗurin ma a yi shi ɗan ƙungiya na tsaye a wajen, don cikin tukwanen da suka tafi da su suka dawo mana da sabuwar sitika, ta shagon maƙwabcina tuni allurarta ta sauka kan ja, mun kira sun ce za su aiko yaro, har yau muna jira.