Zaman malaman makaranta ɗaya ko taron kulasta, wanne za ki fara da shi?

Malama, na ga tambayarki tun jiya, kin ce an ba ki hedimistires a firamare mai malamai tara, kina so ku riƙa zama kuna koyar da juna amma kin rasa ko ki haɗa naki malaman kawai duk sati, ko ki jira taron kulasta da ake haɗa makarantun unguwa wata-wata. Allah ya sanya alheri ya taya ki riƙo. Na yi duka biyun, bari in faɗa miki yadda na gansu.

Kulasta tana da daɗinta gaskiya. Mu a Kano da ita muka saba tun zamanin ESSPIN, shirin nan na tallafa wa ilimi da ya fara a 2008, su SSO, wato jami'an tallafa wa makarantu daga ofishin ilimi na ƙaramar hukuma, su ke jan zaman, ko a Nijar ma suna da irinta, CAPED suke ce mata. Amfaninta shi ne in malamin lissafinki shi kaɗai ne a makaranta to can zai haɗu da 'yan uwansa, ya ga yadda wani yake yi. Amma akwai kuɗin mota, akwai ajin da za a bari ba kowa, kuma mutum talatin a ɗaki ɗaya ai sai mai baki, malamar da ke jin kunya haka za ta je ta dawo ba ta ce uffan ba. Ranar da aka ce babu alawus kuwa sai ki ga rabin kujerun ba kowa.

Zaman cikin gida shi kuma ba ya cin ko sisi, awa ɗaya ranar Alhamis bayan an tashi yara ya isa, kuma yaran da ake magana a kansu kowa ya san su da sunansu, wannan shi ne abin da kulasta ba za ta taɓa ba ki ba. Ina tuna wani zama da muka yi, malamar aji uku ta kawo littattafan yaranta ta zube a tebur ranta a ɓace, ta ce sati biyu tana koyar da ɗebewa sun ƙi ganewa. Muka buɗe muna dubawa, 52 a ɗebe 17 sai yara da yawa suka rubuta 45, ashe ƙaramin suke cirewa daga babba duk inda suka gan shi, 2 daga 7, ba su gane aro ba sam. Wani dattijo cikinmu ya ce a samo tsinken tsintsiya a ɗaure goma-goma da kyauro, yaro ya kwance ɗauri ɗaya da hannunsa ya ga inda aron yake fitowa. Ranar Litinin ta gwada, mu biyu muka zauna a bayan aji, yaran muke kallo ba ita ba. Haka malaman Japan suke yi tun da daɗewa, su shirya darasi ɗaya tare, ɗaya ya koyar sauran su lura, sannan a zauna a gyara.

Inda na cikin gida yake mutuwa kuma a hannun shugaba ne wallahi. In kika zauna a kan tebur kina karanta musu laifinsu, makara da rashin rubuta shirin darasi, to ya koma mitin ɗin ma'aikata, ba wanda zai sake kawo miki matsalar ajinsa don kar ta zama abin gori. Wannan ki ware masa ranarsa daban. Jagorancin zaman ki riƙa zagayawa da shi har kan 'yar koyon aiki, ke kuma ki fara sa naki darasin a gaba su gyara miki, daga nan kowa zai saki jiki.

Ni dai da ni ce ke da na gida zan fara, kulasta in an kira ki tura mutum biyu su dawo su nuna wa saura abin da suka gano, a gwada a aji. Zaman farko kar ki ɗauko abu da yawa, ki ce kowa ya zo da littafin yara uku, mai ƙoƙari da matsakaici da wanda ke baya, a darasi ɗaya tak.