Bel ɗin ciwon baya mai maganaɗisu: kuɗina nake jin haushi

Bel ɗin nan baƙi da ake ta tallarsa a Facebook, wanda ake cewa yana ɗumama ƙugu da kansa, ni ma na saya. Aikina buga takardu ne a kwamfuta, daga safe har la'asar ina kan kujera ɗaya, kuma ƙuguna ya daɗe yana damuna, musamman idan zan miƙe in yi alwalar azahar. Farkon ɗaura shi gaskiya na ji daɗi. Yana riƙe mutum tsaf, ba ya bari ka ranƙwafa kan tebur, kuma ba a ganin alamarsa a ƙarƙashin hijabi.

Maganar mai sayarwar ce ta cuce ni. Da bakinsa ya ce min a waya, "Hajiya, in kin ɗaura wannan ko buhun shinkafa ki ɗaga, ba abin da zai same ki." Ranar da aka kawo mana takardun A4 masinja ba ya nan, kwalin yana bakin ƙofa ya tare hanya. Rim 5 ne a ciki, kilo 12 da ɗoriya, ai bai kai buhu ba. Na sunkuya na ɗauka, ban gama miƙewa ba na ji wani abu ya tsarga min daga ƙugu zuwa bayan cinyar hagu kamar an jona min wutar lantarki. A lokacin kuma maɗaurin ya ɓalle, bel ɗin ya zame ƙasa. Nan na tsaya a sunkuye, hannu ɗaya a jikin ƙofa, gumi yana keto min, sai da abokan aiki suka riƙe ni zuwa kujera. Sallar ranar a zaune na yi ta. Da na kira mai sayarwar, amsarsa ita ce wai ko ban ɗaure da kyau ba. Daga nan bai ƙara ɗaukar wayata ba.

Likitar fisiyo (masu gashi da koyar da motsa jiki) da na gani ta fara tambayata ko ƙafata tana mutuwa, ko fitsari yana kufce min, ta ce in har na ga haka kada in kwana a gida. Alhamdulillahi bai kai nan ba. Ta juya bel ɗin a hannu ta ce ba ya ƙara wa baya ƙarfi, kuma ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2023 sun ce kada a riƙa amfani da irinsa wajen ciwon baya da ya daɗe. Abin da ta sa ni bai ci ko sisi ba: in miƙe in ɗan taka duk bayan minti 30, in naɗe tawul in sa a bayan ƙugu, tafin ƙafa ya taka ƙasa sosai, in ɗaga allon kwamfuta ya zo daidai ido. In zan ɗauki kaya kuma in durƙusa da gwiwa, kayan a jikina. Da wannan da motsa jikin da ta koya min na samu sauƙi.

Ba zan ce bel ɗin bai da amfani sam ba, don in na shiga Adaidaita a hanya mai gargada yana rage min jijjiga. Amma da zafi ya shigo aka ɗauke wuta a ofis, ƙuraje ya feso min zagaye da ciki, wurin maganaɗisun ya yi ja yana ƙaiƙayi. Ɗumin da suke alfahari da shi ke nan. Ɗinkin gefe ma ya fara warwarewa tun wankin farko. Na tura wa mai sayarwar hotuna ta WhatsApp na ce a mayar min da kuɗina ko a canza, ya karanta ya yi shiru, kuma har yau tallarsa tana fito min.