Hidimar haɗa tallan murya a situdiyoyin Kano: me mai shago yake samu da kuɗinsa?

Ƙananan situdiyoyin da ke Kano, musamman waɗanda suka yi sansani a wajajen Zoo Road, suna da wata hidima da 'yan kasuwar Kwari da Singa da Farm Centre ke yawan nema: a haɗa maka tallan murya na daƙiƙa 30 ko 45 ko 60, ka kai gidan rediyo, ko ka sa a lasifikar ƙofar shago, ko ka watsa ta WhatsApp. Aikin yakan bi hanya ɗaya. Ka zauna ka bayyana hajarka, wani ya rubuta kalmomin, a zaɓi murya, a naɗa, a ɗora kiɗa a ƙasa, a turo maka ka saurara. Kuɗin sa tallan a Freedom Radio ko Arewa Radio ko Rediyon Kano daban ne, ba ya cikin kuɗin situdiyo. A tabbatar da wannan tun farko.

Ta fuskar sauti, aikin yana da kyau. Muryoyin suna fita tas, mawaƙan sun san yadda ake ɗaura amshi ya maƙale a ka. Matsalar tana wurin rubutun, kuma a nan ne kuɗin mai shago ke dawowa ko ya salwanta.

Tun zamanin Girkawan dā, malamin falsafa Aristotal ya kasa hanyoyin shawo kan mai sauraro gida uku: mutuncin mai magana, sosa zuciyar mai ji, da hujja. Su ne ake kira itos da fatos da logos. In aka ɗora tallace-tallacen situdiyoyin nan a wannan ma'auni, sosa zuciya ta cinye kusan dukan lokacin, mutunci ya samu ɗan rabo, hujja kuwa da ƙyar take samun jimla guda.

Wajen sosa zuciya sun ƙware, babu ja. Salon da suka fi so shi ne ɗan gajeren wasan kwaikwayo: mata biyu sun haɗu a gidan biki, ɗaya ta ce, "Yaya, wannan leshin fa, daga ina?" ɗayar ta amsa da sunan shago. Yana aiki domin yana taɓa abin da mai saye ke ji da gaske, wato son fita kunya a cikin dangi. Haka kirari da amsa-amo. Sunan shago in aka ɗaure shi da kalmomin da ƙarshensu ya yi daidai, yaro ma zai riƙa rera shi a hanyar makaranta. Masu balagar Larabci suna kiran irin wannan daidaiton ƙarshen jimloli saja'i, kuma Hausa tana karɓarsa cikin sauƙi tunda kusan dukan kalmominta da wasali suke ƙarewa. Illar ita ce marubucin yakan bi amo ya bar ma'ana. Za ka ji baiti huɗu masu daɗi, a gama ba ka san ko shagon atamfa yake sayarwa ko shinkafa ba. Gwajinsa mai sauƙi ne: cire sunan shagonka ka sa na maƙwabcinka. In tallan ya zauna daram, to ba naka aka rubuta ba, tsohon ƙwarangwal aka sake wa riga.

Kambamar zulaƙe ita ce cutar da ta fi yawa. "Farashi kamar kyauta." "Babu irinsa a duk faɗin Afirka." Kambamawa adon harshe ce da ke da gurbinta a waƙa da kirari, inda kowa ya san ba a zahiri ake nufi ba. A talla kuwa mai sauraro yana auna ta da aljihunsa, kuma Bahaushe ya riga ya ce araha ba ta ado. Wanda aka ce masa shadda kamar kyauta, abin da zai fara zuwa ransa shi ne tana zuba. Kamance madaidaiciya guda ɗaya ta fi kambamawa uku amfani, matuƙar abin da aka kamanta da shi mai sauraro ya taɓa riƙe shi da hannunsa.

Mutuncin mai magana ana neman sa ta hanyoyi uku: a ɗauko muryar da jama'a suka sani, a buɗe da sallama da addu'a, ko a kawo shaidar wani da ya gwada kayan. Sananniyar murya tana jan kunne, amma in wannan muryar ce ta tallata shaguna biyar a mako guda, yardar da take ɗauke da ita ta rabu biyar. Rantsuwa kuma mu ba mu goyi bayanta a talla ba ko kaɗan. Ban da nauyinta a addini, yawan wallahi a bakin mai sayarwa shakka yake jawowa. Shaidar ƙarya ta fi duka muni: a sa ma'aikacin situdiyo ya yi muryar tsoho ya ce ya sha magani ya warke. Abin da ke gina mutunci da gaske ba ya cin daƙiƙa biyar: shekarun da shago ya yi a wuri guda, lambar layi da lambar shago, da alƙawarin da za a iya riƙe mai shi da shi.

Wannan ya kawo mu ga hujja. Marubucin situdiyo ba zai ƙirƙiro maka ita ba, domin bai san hajarka ba. Kai za ka zo da ita a rubuce. Misali: turmin atamfa yadi shida ne cif, a auna a gabanka. In ta zuba a wankin farko, ka dawo da ita cikin kwana bakwai. Wanda ya sayi katan goma a kai masa har tasha. Irin waɗannan jimlolin ba su da daɗin rerawa, shi ya sa marubuta ke gudunsu, amma su ne ke sa mutum ya tashi ya hau adaidaita. Karin magana ma hujja ce a kunnen Bahaushe, domin tana aro yardar magabata. Sai dai "siyan na gari mai da kuɗi gida" ta sha hannu har ta daina cizo, kuma karin magana ba ta tsayawa ita kaɗai: in ka ce gani ya kori ji, faɗi inda za a zo a gani, da ƙarfe nawa ake buɗewa.

Habaici ga abokan sana'a, irin su "ba kamar na wasu ba", a bar shi. Yana tunatar da mai sauraro cewa akwai wasun, kuma dokar talla ba ta yarda da ɓata hajar wani ba. Hukumar ARCON mai kula da harkar talla a Najeriya, wadda ta maye gurbin tsohuwar hukumar APCON a 2022, ita ke tantance talla kafin a watsa. Tallan magani da abinci na gwangwani ko leda kuwa yana buƙatar amincewar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, kuma lambar rajistar kaya ba ita ce izinin talla ba. Situdiyoyi da yawa ba sa ɗaga wannan magana, sai an kai gidan rediyo a dawo da aikin.

Lissafin lokaci wani wuri ne da ake tafka kuskure. Magana cikin natsuwa, daƙiƙa 60 ba ta ɗaukar fiye da kalmomi 120 zuwa 140, kuma in akwai waƙa sai a rage. Lambar waya mai alƙaluma 11 tana cin daƙiƙa shida ko bakwai in za a karanta ta yadda mutum zai iya rubutawa. Mai shagon da ya dage sai an sa lambobi uku da rassa huɗu ya cinye rabin tallansa, sai injiniya ya ƙara wa muryar gudu da kwamfuta har ta koma kamar ta mai gwanjo. Lamba ɗaya ta isa, a maimaita ta sau biyu. Sunan shago ya fito sau uku: a daƙiƙa biyar na farko, a tsakiya, da jimlar ƙarshe. Umarni kuma ya zama ɗaya tak, ko dai "zo" ko "kira".

Ga masu abokan ciniki a Maraɗi da Damagaram, a yi hattara da faɗin farashi. A can dala ɗaya sefa biyar ce, jaka kuma sefa dubu, don haka adadin da aka faɗa da lissafin Kano zai iya sauka daban a kunnensu. Gara a naɗa musu nasu kwafin daban.

Hidimar ta cancanci kuɗinta ga wanda ya shiga da shiri. Kafin ka biya kafin alƙalami, nemi a ba ka rubutun a takarda, ka karanta shi da ƙarfi da agogo a hannu, sannan ka karanta wa wanda bai san shagonka ba ka tambaye shi abu uku: me ake sayarwa, a ina, me aka ce ya yi. Ku yi yarjejeniya kan sau nawa za a gyara ba tare da ƙarin kuɗi ba, domin gyara bayan an naɗa yana nufin a sake kiran mai murya. Saurari aikin a ƙaramar waya, ba a manyan lasifikun situdiyo ba, ka ga ko kiɗan ya danne lambar wayar. Ranar karɓa, a ba ka fayil ɗin sauti nau'in WAV don gidan rediyo, nau'in MP3 don WhatsApp, da kwafin murya zalla marar kiɗa, saboda ranar da farashi ko adireshi zai canza a gyara jimla ɗaya kawai.