Inda ya kamata ka ajiye fayilolinka idan kwamfutar ofis ta kowa ce

Kafin ka sayi komai, ka tantance wa kake ɓoye wa. Abokin aikin da zai zauna a kujerar bayan ka tashi, akawun ɗinka na Windows mai kalmar sirri ya ishe ka tare shi, muddin kana danna maɓallin Windows da L, wato kulle allon, duk lokacin da za ka miƙe. Mai kula da kwamfutocin ma'aikata kuwa yana da izinin admin, wato cikakken iko a kan kwamfutar, kuma da shi zai iya shiga foldar kowa. Ɓoye folda da ake yi ta hanyar saituna kuwa, ɓata lokaci ne kawai.

Mafi sauƙi wajen kulle fayil shi ne 7-Zip, manhajar matse fayiloli. Kyauta ne, yana kulle fayil da tsarin ɓoye bayanai mai ƙarfi da ake kira AES-256, kuma idan ka zaɓi nau'in 7z za ka iya ɓoye har sunayen fayilolin. Ya dace da takardar da ba ka cika buɗewa ba, kamar hoton fasfo ko takardar asibiti. Aibinsa: da ka buɗe fayil daga cikinsa, sai ya sauke kwafi a foldar wucin gadi ta kwamfutar, kuma ba kullum kwafin ke gogewa ba.

VeraCrypt, wanda ya gaji TrueCrypt da aka daina kula da shi a 2014, shi ma na kulle fayiloli ne, kuma ya fi 7-Zip ƙarfi. Sai dai yana buƙatar izinin admin kafin a saka shi a kwamfuta, abin da galibin ma'aikata ba su da shi. A nan maganarsa ta ƙare ga mutane da yawa.

Filashi ne inda kuɗi ke shigowa, kuma nan ne ake yawan yin zaɓen tumun dare. Filashi na gama-gari za a iya kulle shi da BitLocker To Go, tsarin kulle filashi da ke cikin Windows, amma sai a Windows Pro, Enterprise ko Education. Windows Home buɗewa kawai yake iyawa. Sama da shi akwai filashi mai maɓallan lamba a jikinsa, irin Apricorn Aegis ko Kingston IronKey Keypad. Lambar sirrin a jikin filashin kake danna ta kafin ka soka shi, don haka ko an sa manhajar da ke naɗe abin da ake bugawa a allon rubutu, ba za ta ga lambar ba. Ba ya buƙatar saka manhaja. Tsadarsa ta ninka ta filashi na gama-gari sau da yawa, kuma idan aka yi ta kuskuren lamba, yakan goge abin da ke ciki. Mai mantuwa ya yi hattara. Kuma ka fara tambaya ko an toshe ramukan USB a ofishinku, don ma'aikatu da dama suna yin haka.

Ma'ajiyar intanet, Google Drive mai 15 GB kyauta ko OneDrive mai 5 GB, tana da daɗi saboda ba abin da zai zauna a kwamfutar, sai fa abin da ka sauke. Ka kunna tantancewa mai mataki biyu, wato neman ƙarin lamba ko amincewar wayarka bayan kalmar sirri, kada ka bar burauza ta riƙe kalmar sirrinka, kuma ka fita daga akawun ɗin. Tagar sirri ta burauza, wato Incognito, hana burauza ajiye tarihi da bayanan shafuka a kwamfutar kawai take yi. Ba ta ɓoye wa ma'aikata shafukan da ka shiga.

A ganina, wanda kullum sai ya buɗe takardunsa a ofis, filashi mai maɓallai ya cancanci kuɗinsa. Wanda sau ɗaya a wata ne, 7-Zip da filashi mai araha sun wadatar. Amma duk fayil ɗin da ka buɗe a kwamfutar ma'aikata, manhajar sa ido za ta iya ɗaukar hoton allon, sunansa kuma zai iya maƙalewa a jerin fayilolin da aka buɗe kwanan nan. Bayanan banki da takardar neman wani aikin, a wayarka za ka buɗe su, da datarka, ba da Wi-Fi na ofis ba.