Kilinik ɗin fata da na kai ɗiyata kan tawadar Allah

Tun ranar suna ake zancen tawadar Allah da ke bayan ɗiyata. Baƙa ce wuluk, a ƙasan kafaɗar hagu, lokacin faɗinta kamar ƙwandalar dala ashirin. Yanzu da yarinyar ta shekara biyu ta kai gindin kofin shayi, har gashi ya tsiro a kai. Inna, uwar maigidana, ta tsaya kai da fata cewa kwaɗayin hanta na yi ina da ciki ban samu ba. Maƙwabciya ta ce a kira wanzami ya tsaga, a shafa kanwa da toka. Maigidan bai cewa komai, amma sau biyu ina kama shi da dare yana ɗaga rigar yarinyar yana haskawa da fitilar waya.

Shi ya sa na nemi likitan fata a wata kilinik ta kuɗi nan cikin Maradi, na kuma lallaɓi Inna muka tafi tare.

Bari in fara da abin da ya ɓata mini rai. An ba mu randebu ƙarfe takwas, ba mu shiga ba sai ana kiran azahar. Likitan kwana biyu kawai yake zuwa a mako, ga layi har bakin ƙofa, ga fanka guda tana juya zafi. Mai karɓar kuɗi kuwa ko amsa sallama sai ta ga dama. Jika biyar na biya. A asibitin gwamnati tun 2006 aka ce kyauta ake duba yaran da ba su kai shekara biyar ba, amma nan ko sannu ba kyauta ba ce.

Da muka shiga sai na huce. Likitan bai yi gaggawa ba. Ya kwantar da yarinyar rubda ciki a cinyata, ya auna da ɗan ma'auni: santimita 4 a tsaye, 3 a kwance. Ya kafa wani ɗan madubi mai fitila a kan tawadar, ya shafa da yatsa ko akwai ƙullutu, sannan ya duba jikin duka har tafin ƙafa da cikin gashi ko akwai ƙanana. Ya ce kusan jariri ɗaya cikin 100 ana haifarsa da irinta, kuma tana girma ne tare da jikin yaro, gashin ma ba alamar cuta ba ne. Wadda ake jin tsoro ita ce babba, mai wuce santimita 20 idan mutum ya girma, wadda ke rufe baya kamar riga. Ita ce ta fi juyewa ciwon dajin fata, wani lokaci har sai an ɗauki hoton ƙwaƙwalwa. Irin ta ɗiyata haɗarinta kaɗan ne ƙwarai.

Sai ya juya ga Inna. «Hajiya, ƙwayoyin da ke ba fata launi ne suka taru wuri ɗaya tun tana ciki. Ba abin da uwarta ta ci ko ta rasa. Don Allah kar a bari aska ta taɓa wurin nan, tabon da zai fito zai iya kumbura ya fi tawadar muni.» Inna ta gyara lulluɓi ta ce, «To, likita, Allah ya yi albarka.» Wallahi wannan kaɗai ya biya ni jika biyar ɗina.

Bai rubuta ordonans, wato takardar sayen magani, ba, abin da ya ba ni mamaki. Ya ce man kaɗe ya isa in wurin ya bushe, in riƙa sa mata riga cikin rana, kuma duk wata uku in ɗauki hoto da ma'auni a gefe. In ta fara jini, ko ƙaiƙayi ya yi yawa, ko gyambo, ko ƙullutu, ko launi ya sauya, in dawo nan take, kar in jira randebu. Maganar cirewa ya ce a bari ta girma a ji ta bakinta.

Zan koma bayan wata shida, amma da kunu a kwalba da tabarma. Hoton farko mun ɗauka jiya bayan la'asar, Inna ce ta riƙe ma'aunin, wanda ta aro wurin telan ƙofar gida.