Sayen hoton Ansel Adams: daga wankin hannunsa zuwa fostar kanti

Duk wanda ya taɓa shiga baje kolin hotuna a manyan gidajen adana kayan fasaha na Turai ko Amurka ya san cewa hanyar fita takan bi da mutum ta cikin kanti, inda aka jera fostoci da littattafai da katuna masu ɗauke da hotunan da ya gama kallo. Haka abin yake ga aikin Ansel Adams, Ba'amurken da aka haifa a San Faransisko a 1902, ya rasu a 1984, bayan ya shafe rayuwarsa yana ɗaukar duwatsu da koguna da gajimaren yammacin Amurka cikin baƙi da fari. An baje kolin hotunansa a Boston a ƙarshen 2018, aka kuma kai wannan baje kolin San Faransisko a 2023. Wanda ya fito daga irin wannan wuri da sha'awar mallakar hoto ɗaya zai tarar ana sayar da hoto guda a farashi iri-iri, daga kuɗin abincin rana har zuwa kusan dala miliyan ɗaya. Dutsen da ke cikin hoton bai canza ba. Abin da farashin yake bi shi ne hannun da ya wanke hoton da kuma takardar da aka wanke shi a kai.

Mafi tsada shi ne wanda Adams ya wanke da kansa a ɗakin duhu, a kan takarda mai shafen sinadarin azurfa. Dalilin tsadar zai fito fili idan aka dubi hotonsa na fitowar wata a ƙauyen Hernandez na jihar New Mexico, wanda ya ɗauka a 1941. Akwai ƙananan gidaje, da makabarta wadda hasken rana mai faɗuwa ya haska fararen alamomin kaburburanta, sai wata yana rataye bisa duwatsu. Ya wanke wannan hoto fiye da sau 1,300 cikin shekaru kusan arba'in, kuma wankin bai zama iri ɗaya ba. A na farko-farko sararin sama toka-toka ne, ana ganin gajimare a sama. A na baya kuwa ya riƙa ƙara wa saman haske yayin wanki har ya koma baƙi ƙirin, watan ya fito tamkar fitila. Nagatif ɗaya ne, wato fim ɗin da aka ɗauki hoton a kai, amma kowace takarda shawara ce dabam da mai hoton ya yanke, kuma wannan shawarar ce masu tara hotuna suke biya. A gwanjon da kamfanin Sotheby's ya yi a 2006 an sayar da wani wankin wannan hoto dala 609,600, sannan a Disambar 2020 wani ƙaton wanki na hoton duwatsun Teton da kogin Snake ya kai dala 988,000.

Wanda aljihunsa ya kai nan ba zai rasa masu ba shi shawara ba. Abin da kawai ya kamata a faɗa shi ne ya juya bayan kwalin da aka manna hoton ya duba hatimi, ya tambayi shekarar wanki dabam da shekarar ɗauka, ya kuma nemi takardun da ke nuna hannayen da hoton ya bi kafin ya iso gare shi.

Zaɓi na biyu, wanda a ganina shi ne mafi dacewa ga mai son ainihin hoton azurfa ba tare da ya sayar da gona ba, shi ne jerin hotuna na musamman na Yosemite, wani gandun ƙasa a jihar California, da Adams ya fara a 1958 domin masu yawon buɗe ido su samu tsaraba mai inganci. Ana wanke su daga nagatif ɗinsa na asali, girmansu kusan inci 8 da 10, kuma tun 1975 tsohon mataimakinsa Alan Ross ne ya ɗauki nauyin wankin. Ana samunsu a gidan hotunan Ansel Adams da ke cikin gandun Yosemite a kan 'yan ɗaruruwan daloli. Gazawarsu biyu ce: ƙanana ne, kuma hotunan Yosemite ne kawai, don haka mai neman watan Hernandez ba zai same shi a nan ba. Akwai kuma tarko ga mai sayen na hannu: waɗanda aka yi a shekarun farko suna ɗauke da sa hannun Adams ko da yake mataimakansa ne suka wanke, saboda haka ganin sa hannu bai isa hujjar a biya kuɗin wankin hannunsa ba.

Daga nan sai bugun injin zamani, wanda ake yi da tawada daga kwamfuta. A nan ne aka fi ruɗar masu saye, domin kalmar bugu mai inganci kowa yana iya rubuta ta a talla. Tambaya biyu za su raba gardama: wace irin tawada, kuma wace irin takarda? Tawada mai garin launi a kan takardar auduga tana daɗewa, ita kuwa tawada mai rini takan koɗe, baƙin ya juya zuwa kore-kore ko shuɗi-shuɗi. Akwai kuma hanyar da mutane da yawa ba su sani ba. A 1941 Ma'aikatar Cikin Gida ta Amurka ta ɗauki Adams aikin hoton gandayen ƙasa, yaƙin duniya na biyu ya katse aikin, amma hotuna 226 suna hannun Hukumar Adana Takardun Tarihi ta ƙasar, kuma mallakar jama'a ne. Hoton kogin Snake yana cikinsu, na Hernandez ba ya ciki. Mutum zai iya saukar da su ta intanet ya kai wa mai bugu nagari, maimakon ya biya wani kuɗin abin da yake kyauta.

Ko wane iri mutum ya nufa, gwajin ɗaya ne: ya kai idonsa cikin inuwa. Adams da abokinsa Fred Archer sun tsara ma'aunin da ya raba haske mataki goma sha ɗaya, daga baƙi ƙirin zuwa fari fat, kuma gwanintar aikin tana cikin matakan da ke dab da ƙarshen kowane ɓangare. A bugu mai kyau na kogin Snake ana iya rarrabe itatuwan da ke gaban hoton ɗaya bayan ɗaya, kuma ƙanƙarar kan dutse tana da lanƙwasa. A fosta mai araha itatuwan sukan haɗe su zama dunƙulen gawayi, ƙanƙarar ta zama farar takarda kawai. Fosta ba laifi ba ce idan mai saye ya san fosta ya saya. Sai dai da kuɗin fostoci biyu ko uku gara ya sayi littafin baje kolin, musamman wanda aka buga da tawada biyu, baƙa da toka, domin wannan bugun ya fi riƙe inuwa, ga shi yana ba da hotuna da yawa wuri guda tare da shekarunsu.

Kuɗin da aka fi mantawa shi ne na firam. Gidajen adana kayan fasaha suna rage hasken ɗakin hotuna, suna kuma sauke su bayan 'yan watanni, saboda haske yana cin takarda. Wanda zai rataya hotonsa a Kano ko Damagaram yana da ƙarin abokan gaba: laimar damina tana manna fuskar hoton azurfa da gilashi ta kawo fumfuna, ƙurar hunturu tana shiga ta kowace kafa, gara kuma ba ta raina kwali. Ya sa a saka kwali marar asid tsakanin hoton da gilashin don kada su haɗu, a liƙe bayan firam ɗin sosai, a kuma rataya shi a bangon da rana ba ta bugawa, nesa da hayaƙin kicin.