Babban gyara ko tsafta da fenti?

Mai shirin sayar da gida yana da hanya biyu: ya fasa kicin da banɗaki ya sake su, ko ya tsaya kan tsafta da fenti.

Babban gyara yana cin kuɗi da lokaci, kuma tayil ɗin da ya burge ka ba lallai ya burge mai saye ba. Wataƙila ma ya ɓamɓare shi da zarar ya tare.

Ni na fi karkata ga ta biyu. Share saƙar gizo, gyara famfon da ke ɗiga, kwashe tarkace, buɗe tagogi iska ta shiga, don warin danshi yana korar mutum tun daga bakin ƙofa. Amma in rufi na yoyo, fenti ba zai ɓoye tabon ba. Wannan kam sai an kira mai gyara.